Shekarar da Loma Ta Ƙi Kai Baki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a dangin nan, ina kuma so in kashe ta tun ina da bakin kashe ta. Ana cewa wai shekarar da hannuna ya lalace na ƙaurace wa girkin Sa'adatu, matar babban ɗana, saboda ba na ƙaunarta. An faɗa a gidan suna a Jama'are, an faɗa a gidan makoki a nan Azare, har wata jikata ta tare ni da maganar ido da ido. To, ba haka aka yi ba. Ni ban yi boko ba, autata Hadiza ce riƙe da alƙalami, amma ba wanda ya fi ni sanin abin da ya faru da hannun nan, don a jikina yake. Ta rubuta yadda na faɗa, ku kuma ku karanta wa 'ya'yanku.

Ni mai ƙuli ce tun ina amarya. Marigayi Malam, mahaifinku, ya aure ni da sana'ata a hannu, kuma da ita na yi wa 'yan matana kayan ɗaki, da ita na je Makka. Yaran yanzu suna ganin mai a kwalba, ba su san ta inda ya fito ba. Ko da inji ya shigo gari, niƙa kaɗai ya ɗauke mana. A lokacin tuƙi da matsa suna nan a kan hannu. Za ki juye niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi, ki yayyafa ruwan zafi, ki kama taɓarya ki yi ta juyawa har mai ya taso yana ƙyalli. Sannan ki kwashe tunkuza ki ɗora a kan dutse, ki durƙusa, ki danna da hannun dama, ki murɗa, ki sake dannawa, nauyin jikinki duka a kan gwiwar hannu ɗaya. Wasu suna barin mai a cikin tunkuza don gajiya. Ni ban taɓa bari ba. Shi ya sa ƙulina yake ƙara a haƙori, shi ya sa masu tsire suke aiko yara tun daga tasha, har daga Dambam ana saƙo.

Ciwon bai zo da sallama ba. Da farko in na tashi da safe sai in ji gwiwar hannun ta yi tauri, sai na yi alwala na ɗan motsa take saki. Daga baya ta fara ƙara, ƙurus-ƙurus, kamar an zuba yashi a cikin gaɓar. Wata rana na lura hannun ba ya miƙewa sarai, in na sake shi sai ya tsaya a ɗan lanƙwashe kamar mai riƙe da buta. Na ce sanyin ƙashi ne, duk tsohuwa tana da nata. Na shafa man zafi, na aika kemis aka sayo mini ƙwayoyi, ina sha ina komawa dutse. Ƙwayoyin suka kama cina a ciki, ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi garwashi, na ajiye su. Haka na yi shekaru. Rashin miƙewa bai dame ni ba, don ba mai duba hannun tsohuwa a cikin mayafi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne hannun zai ƙi lanƙwasawa.

Bayan kaka ne, gyaɗa ta yi kyau a shekarar, na yi aiki kamar ba gobe. Al'adata in ci abincin rana a tsakar gida, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, jikoki sun kewaye kwano. Ni ke koya musu cin abinci. Wanda ya miƙo hannun hagu ya sha ludayi a bayan hannu, kamar yadda iyayensu suka sha, kamar yadda ni ma na sha a wurin kakata a Katagum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar Sa'adatu ta yi tuwon dawa miyar kuka. Na gutsuro loma, na dangwali miya, na ɗago. Hannun ya zo daidai ƙirji ya tsaya. Na sunkuyar da kai, na sake gwadawa, wani abu ya riƙe a cikin gaɓar kamar an sa sakata. Miya tana ɗiga a zanina, yara suna kallona. Na mayar da lomar cikin kwano, na ce na ƙoshi, na wanke hannu na shiga ɗaki.

Tun daga ranar na koma cin abinci a ɗaki, in ma za a kira shi ci. Kunu da fura nake sha, don ƙoƙo ana ɗaga shi da hannu biyu, hagu ta yi aikin, dama ta raka ta. Tuwo kuwa yadda ya shigo haka yake fita. Kada wani ya tambaye ni don me ban ci da hagu ba tunda ƙofa a rufe take. Na gwada sau ɗaya, lomar ta ƙi wuce maƙogwaro. Wadda ta yi shekaru tana bugun hannun yara ba ta zama ta ci da hagu, ko da bango ne kaɗai ke kallonta. Don me kuma ban faɗa ba? Matan zamaninmu ba mu tallan ciwo. Na haifi 'ya'ya ba wanda ya ji muryata daga zaure, sai a kan gwiwar hannu zan tara jama'a?

Ita kuwa Sa'adatu, kwano kawai take gani yana dawowa a rufe. Ta canja miya. Ta yi kuɓewa, ta yi taushe, ta yi zogale, ta yi dambu, ta yi ɗanwake da man da ni na matse. Duk suka koma mata. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta suruka, ba za ta tambaye ni ba, ni ma ba zan kira ta in yi mata bayani ba. Maƙwabta suka fara lissafi da bakinsu. Suka ga ina ramewa, suka ce ai tsohuwa tana tsoron abin da ake zuba mata a miya. Maganar ta kai kunnen yarinyar. Wata safiya na hango ta ta taga tana ninke kayanta a akwati, idonta ja, za ta tafi gidansu Dambam. Na san dalili. Na zauna a bakin gado ina juya yadda zan fara, ban samo bakin zaren ba.

Allah ya kawo Maman Ngozi a daidai lokacin. Ibo ce, mai sayar da manja da busasshen kifi a kasuwa, ta fi shekarun Sa'adatu a garin nan, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Tana sarar mai a wurina tun 'ya'yanmu suna goye. Ita ba ta san wannan kunyar tamu ba, abin da ta gani shi take faɗa. Ta shigo da jarkokinta, na fito, ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, wa ya ɗaura miki ɗankwalin nan? Kamar an jefo miki shi daga kan katanga."

"Mai kika zo saye ko ɗankwali?"

"Mai na zo saye, amma mai man ta ƙare. Ina sauran jikinki? Taɓa hancinki in gani."

Na ɗaga hagu na taɓa.

"Da wancan. Ni za ki yi wa wayo? Tun da na shigo yake rataye kamar ba naki ba."

Sa'adatu tana tsaye a ƙofar ɗakinta da mayafi a kafaɗa. Na ɗaga hannun dama. Ya zo ƙirji ya tsaya, inda ya saba tsayawa. Sai Maman Ngozi ta juya wajen yarinyar.

"Ke kuma kina nan uwar mijinki ba ta iya kai abinci baki, kina ina?"

Sa'adatu ta daɗe tana kallon hannun. Sai ta cire mayafin ta koma ɗaki, na ji tana fitar da kaya daga akwati.

Da yamma babban ɗana ya dawo daga shago. Ku kun san sunansa, ni ba na faɗa, Babba nake ce masa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana faɗa a hankali, irin faɗan da ɗa yake yi wa uwa, rabi faɗa rabi roƙo.

"Inna, ai lalura ce. Na tambayi liman bayan la'asar, ya ce wanda hannun damansa ya gaza, babu laifi ya ci da hagu."

"Liman ya halatta mini. Ni ban halatta wa kaina ba."

"To yunwa za ta kashe ki a kan wannan?"

"Ka nemo mini maganin hannu, ka bar maganar hagu."

Ya nemo, iyakar saninsa. Akwai wani mai ɗori a wani ƙauye bayan Gadau, shi ya ɗora ƙafar Babba lokacin da ya faɗi a babur, ƙafar kuma ta warke sarai. Don haka ba na ganin laifin yaron, inda ya ga alheri nan ya kai uwarsa. Mutumin ya lalluba gwiwar, ya ce gocewa ce ta daɗe. Ya sa aka riƙe ni, ya ja, ya murɗa, na ga taurari da rana tsaka ban yi ƙara ba. Ya yi tofi, ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau, ya ce kada in motsa shi sai an ga sabon wata. Karaya ya sani, kuma ita karaya haka take so, a ɗaure ta a bar ta. Nawa ciwon ba karaya ba ne. Ranar da aka kwance, hannun ya fito siriri kamar muciya, ya sandare. Wanda da yake kai ƙirji, yanzu ko cibiya da ƙyar. Ƙaramin yatsana kuma ya fara mutuwa, in taɓa shi in ji kamar na wani.

Hadiza ce ta zo daga gidan mijinta ta ce asibiti za a je, ba shawara ta zo nema ba. Muka je babban asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan yaro ne, sa'an jikokina na fari, amma yana da ladabi. Ya ɗaga hoton ya nuna mini, na ce ni ban ga komai ba sai hayaƙi. Sai ya ajiye shi.

"Hajiya, kin san guringuntsin da ke kan gaɓar ƙafar akuya, mai santsin nan?"

"Na ci wanda ya fi shekarunka yawa."

Ya yi dariya. Ya ce to irinsa Allah ya shimfiɗa a kan kowace gaɓa tamu don ƙashi ya zame a kan ƙashi. Nawa ya cinye. Ƙashi yana gugar ƙashi, shi ne ƙarar da nake ji, kuma gefen ƙashin ya yi tsiro, shi ke tokare hannun, shi ke matse jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa. Amosanin gaɓa ke nan. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa, ya ce in nuna masa yadda ake matsa. Na nuna da hagu a kan teburinsa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake jira.

"Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya cinye ba ya tofowa. Amma ana rage ciwo, ana kuma dawo da motsi. Zan ba ki na shafawa, tunda ƙwayoyi sun taɓa miki ciki. Zan yi miki allura a cikin gaɓar, ta kwantar da kumburi na ɗan lokaci, don ki samu damar yin gashin ƙashi. Gashin shi ne babban maganin. In duk bai yi ba, ko yatsan ya ci gaba da mutuwa, sai mu yi maganar tiyata, a kankare tsiron."

"Ni tambayata ɗaya ce. Zai kai baki?"

"Ina sa ran zai kai. Amma ba tare da turmi da dutsen matsa ba. Ɗaya za ki zaɓa."

Na ce masa na ji. Ji kuwa na ji, ban dai ce na yarda ba.

Allurar ta yi aiki. Cikin 'yan kwanaki ciwon ya kwanta kamar an ɗauke shi da hannu. Masu tsire suna ta aike, Maman Ngozi tana sarar man wasu tana ƙorafi, ni kuma ga hannu ba ya ciwo. Sai na ce bari in ɗan taɓa kaɗan. Na taɓa. Ranar da na koma sashen gashi, ma'aikaciyar da ke kula da ni, wata doguwar Bafulatana mai suna Habiba, ta kama hannun ta ji shi da ɗumi ya kumbura. Ta kai shi kusa da hancinta.

"Hajiya, hannun nan ƙanshin tunkuza yake."

"Gidanmu duka haka yake ƙanshi."

"Har ƙarƙashin farce? To bari in gaya miki. Ni ina lanƙwasawa da safe, ke kina warwarewa da yamma. Allurar nan ba warkewa ba ce, aron lokaci aka ba ki, kuma ba a yawan maimaita ta. In a kan dutse za ki ƙarar da shi, ki faɗa mini in ba wata tsohuwar gadon nan."

Ba a saba yi mini magana haka ba. Na dawo gida. Na zauna a tsakar gida ina kallon turmin. Na kakata ne, daga Katagum aka kawo shi a kan jaki ranar da aka kai ni ɗaki, cikinsa ya yi baƙi ya yi santsi da man shekaru. Duk wanda ya san ni a garin nan, ta bakin turmin nan ya san ni. In na bar shi, na zama tsohuwa kamar kowace tsohuwa, mai jiran a kawo mata. In na riƙe shi, zan ƙare kwanakina a bayan ƙofa da ƙoƙon kunu. Na auna su duka biyu har aka kira la'asar. Da na idar da salla sai na kira Sa'adatu.

"Ki sa a mirgina turmin nan zuwa ƙofar ɗakinki. Da taɓaryar, da dutsen. Gobe in masu tsire sun aiko, ke za su gani."

"Inna, ni ban iya kamar naki ba."

"Ba ki iya ba. Zan zauna a nan in riƙa gaya miki."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Wasu masu sayen suka gudu, don ƙulinta na farko taushi ne da shi kamar ƙosai. Daga baya Babba ya sayo mata ƙaramin injin matsa, ya ce ba za a lalata hannu biyu a gida ɗaya ba, kuma gaskiyarsa. Man yana fita, ana saye, amma ni na san bambanci ko da ido a rufe. Yau in yaro ya yi sallama ya ce an aiko shi gidan mai ƙuli, ba ni yake nufi ba. Har yanzu in na ji ƙanshin suyar gyaɗa sai tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ba wanda ya biya mini.

Gashi kuwa aiki ne na haƙuri. A asibiti Habiba tana ɗumama gaɓar, ta lanƙwasa a hankali har inda zan iya jurewa, ta riƙe, ta saki, ta miƙar, ta juya tafin sama da ƙasa. Ta ce a gida ma a riƙa yi safe da yamma, ta tambayi wa zai yi mini. Hadiza tana gidan mijinta. Sa'adatu ce ta ce ita za ta koya. Habiba ta nuna mata inda za ta riƙe, ta kuma ja mata kunne.

"Ruwa mai ɗumi na ce, ba ruwan wankan jego ba. Na san ku, sai kun dafa tsohuwa ku ce magani ne."

Haka muka shiga. Da safe ta kawo ruwa a kwano da tawul, ta durƙusa gefena, ta naɗe gwiwar har ta yi laushi, ta shafa maganin, sannan ta kama wuyan hannuna ta riƙa turawa sama sannu a hankali. Ni da ita da ba ma haɗa ido, ga shi hannuna yana cikin nata kullum. Ba mu cika magana ba. In ya yi zafi sai in ce "ya isa", ita kuma ta ce "saura kaɗan, Inna", ta ƙara riƙewa. Yarinyar tana da taurin kai, ban sani ba sai a lokacin. Da jikina muke awo. Hannun ya koma ƙirji. Ya yi makonni a nan kamar ya samu gida. Sannan ya kai ƙashin wuya. Yatsan ya fara dawowa, likita ya ce a jingine maganar tiyata tukuna. Damina ta faɗi ta same mu a haɓa. A duk tsawon wannan lokaci kunu da fura ne abincina, sai ɗan fate da romo da take dama mini ruwa-ruwa don in sha a ƙoƙo, tunda yanzu ta san dalili.

Hannun bai koma yadda yake ba, kuma ba zai koma ba. Har gobe ba ya miƙewa sarai, in hadari ya haɗu yana gaya mini kafin kowa ya gani, kuma ba na ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Gashi ban daina ba. Amma wata rana ana tsakiyar damina, da safe muna gashi, babban yatsana ya taɓa leɓena na ƙasa. Sa'adatu ta gani, na gani. Ta kwashe kwanonta ta fita.

Da rana na fito da tabarmata na shimfiɗa a ƙarƙashin darbejiya. Na ce a kawo mini tuwo nan. Jikoki suka zo suka kewaye kwano suna satar kallona. Na yi bisimilla, na gutsuro loma ƙarama, na dangwala, na ɗago. Ta farko ta goge ni a haɓa ta faɗi a zani. Na tsince ta na ajiye gefe. Na gutsuro ta biyu, na ɗan sunkuyar da kai, na tura. Ta shiga. Na tauna na haɗiye, na sake gutsuro wata. Sa'adatu tana bakin murhu ta ba mu baya, tana ta goge tukunyar da ta riga ta goge.

"Sa'adatu."

"Na'am, Inna."

"Daddawa ta yi kaɗan a miyar nan."

Ta amsa ba tare da ta juyo ba.

"Gobe zan ƙara."

"Goben ta zo da kanta. Yanzu dai ƙaro mini tuwon."